Tokar Miyar Gwaggo Yelwa

Kebbe, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da su Rauda. Ya aikin asibiti? Allah shi taimaka.

Yau da safe, rana ta ɗan ɗaga, na dawo daga ba tumaki dusa sai na tarar da Baba zaune bakin ƙofar ɗakinsa shina kallon buta. Ƙaramar butar nan ce, ruwanta bai kai rabi ba. Ya kama ya ɗaga, ta tashi kaɗan ta koma. Ya sake, haka. Na uku sai ta kife bisa ƙafarsa, bai ko janye ƙafar ba. Ya dube ni ya ce, "Sirajo, ƙafafun ga ba nawa ba ne yau." Ya ce leɓɓansa kamar tururuwa ke yawo a kai. Na ɗora yatsa a wuyan hannunsa yadda kika nuna mini. Yaya, abin shina bugawa, sai ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya buga biyu a jere. Na ƙirga har sau fuɗu, haka yake yi.

Na gaya wa Baffa Kamilu, ya ce sanyi ne. Shi ya sa na rubuto. Kin san wayata ta faɗa rijiya tun farkon kaka, ta gidan kuwa tana aljihun Baffa, in ya kira ki sai ya buɗe murya duk gida a ji. Ɗangiwa direba zai kawo miki wannan hannu da hannu.

Fitsarin da kika ce in riƙa aunawa ina aunawa. Satin da munka dawo daga Sakkwato shina cika robar lita guda a yini. Yanzu da ƙyar rabi.

Sai maganar 'yan dubiya. Wallahi sun ishe ni. Tun da anka ji ciwon ƙoda ne, gidan nan ya koma tasha. Kowa ya zo da leda, kuma sai ya ɗaga ta sama kafin ya ajiye don na bayansa ya ga girmanta. Ayaba, lemo, dabino, kankana. Marka maƙwabciyarmu ta kawo nonon ayaba guda, ta zauna ta ɓare da hannunta, ta ce ba ta tashi sai ta ga Baba ya ci uku. Ya ci don kunya. Wanda ya biyo ta shi ma sai an ci nasa. Sauran na tule bayan ƙofa, sun yi baƙi suna tsiyaya, ƙananan ƙudaje sun tashi a kai. Ɗakin ga warin ayaba ruɓaɓɓiya, ga na robar fitsari, ga turaren masu zuwa. Babu wanda ya taɓa cewa kawo in zubar da robar nan. Su dai a ce sun zo.

Gishiri kuwa kada ki damu. Tun ranar da kika ce ban da gishiri, ƙwaya ɗaya ba ta shiga tukunyar Baba ba, har dunƙulen miya an daina. Kwanakin farko ya ƙi cin tuwo, ya ce miyar kamar ruwan wanki. Amma Gwaggo Yelwa ta san yadda ta yi, yanzu shina sharɓe kwano. Ita kaɗai ce ke wahala da shi tsakani da Allah.

Ki gaya mini abin yi. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Sirajo


Tambuwal, 9 ga Nuwamba

Sirajo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Ba don takardarka ba, da yanzu wata maganar ake yi.

Ka ga yadda na turo Ɗangiwa ya ɗauko Baba a ranar, ban samu yi maka bayani ba. Ni da kaina na ɗibi jininsa na gwada a ɗakin gwajin asibitinmu. Da na ga sakamakon na kai wa likita nan take. Likita ya yi masa allurai ta jijiya, muka wuce da shi Sakkwato. Yanzu yana kwance a can, an yi masa wankin ƙoda sau ɗaya, yana ɗaga kofi da kansa. Maigidana yana wurinsa, ni na dawo aiki. Kai ka tsaya ka ƙarasa shigar da gero.

Bari in yi maka bayani, don na san kana riƙe magana. Akwai wani sinadari a jini da muke kira fotashiyam. Ba guba ba ne. Da shi tsoka take motsi, da shi zuciya take sanin lokacin bugawa. Yana cikin kusan duk abin da ƙasa ta tsirar: ayaba, lemo, dabino, tumatir, wake, dankali, ganye. Mai lafiya ya ci son ransa babu abin da zai same shi, domin ƙodarsa na tsaye. Jinin jikin mutum duka yana ratsa ƙoda sau da yawa a yini. Tana tace shi, ta maido wa jiki mafi yawan abin da ta tace, sannan can a ƙarshen 'yan siraran hanyoyinta ta daidaita. In fotashiyam ya yi yawa ta tura rarar cikin fitsari, in ya yi kaɗan ta rage zubarwa. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka kamar hula, ita ke aika mata saƙo ta cikin jini cewa ƙara zubarwa. To ƙodar Baba ta gaji, ko saƙon ya zo ba ta iya cika aikin. Ga shi maganin hawan jinin da yake sha yana rage ƙarfin saƙon. Abin sai ya taru. In ya taru, ƙafa ta mutu, leɓe ya yi tsami, zuciya ta rikice, tana iya tsayawa mutum na zaune ana hira.

A gwajinmu mai lafiya yana tsakanin uku da rabi zuwa biyar. Na Baba shida da ɗigo tara.

Ayabar nan ka kwashe ka zubar, in Marka ta yi magana ka ce ni na ce. Amma likita ya ce ayaba da lemo kaɗai da wuya su kai shi nan cikin sati uku. Akwai wani abu. Ka rubuto mini duk abin da ya shiga bakin Baba tun da kuka koma, har jiƙo da rubutu, kada ka bar komai. Kuma mene ne Gwaggo "ta san yadda ta yi"?

Ka gaida ta, ka gaida Baffa.

Yayarka,
Hauwa'u


Kebbe, 11 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Hauwa'u,

Salamu alaikum, tare da gaisuwa da godiya. Na ji daɗin labarin kofi. Allah shi ƙara sauƙi. Na karanta takardarki sau uku, na gane.

Ayaba na kwashe, baho biyu. Ta ƙasan ta narke har ta kama siminti, sai da na kankare da fartanya. Tun daga nan ko warinta ba na so.

Ga abin da Baba ke ci. Da safe kunu ko ɗumame. Da rana wake da shinkafa ko fura. Da dare tuwon gero miyar kuka ko kuɓewa. Jiƙo babu, na hana. Rubutu sau biyu, Liman ya aiko.

Sai tokar miya. Ita ce dabarar Gwaggo, kuma ni ne na ƙona mata karan. Da ta ga Baba kwana uku shina ture kwano, ta ce mini a zamanin da sunka taso, in gishiri ya yanke a ƙauye, da toka ake ɗanɗana miya, kuma ita toka ba gishiri ba ce, ba ta saɓa wa maganarki ba. Na tara karan gero bayan gida na ƙona, ta kwashi tokar. Tana da tsohuwar tukunya mai huji a gindi. Ta shimfiɗa tsumma a ciki, ta zuba toka, ta zuba ruwa, ta ɗora bisa wata tukunyar. Ruwan na ɗiga ja-ja kamar shayi. Sai ta dafa shi har ya ƙafe ya bar wani farin abu a gindin tukunya. Na lasa, shina da ɗanɗanon gishiri da ɗan ɗaci, yana cizon harshe. Da shi take yi wa Baba miya, tana sa shi a wake don ya yi laushi, wani lokaci har a kunu. Kullum, sau biyu ko uku. Mu namu abincin da gishiri ake yi, tukunyarsa daban.

Yaya, ni ban yi nisa a boko ba, amma tun jiya nake juya maganarki. Kin ce abin nan yana cikin duk abin da ƙasa ta tsirar. To kara ma ƙasa ce ta tsirar da shi. Na ƙona dami shida, duka sunka koma abin da bai cika gwangwanin madara biyu ba. Wuta ta cinye karan, amma shi abin ina ya tafi? Ina jin bai bi hayaƙi ba. Ina jin mun tattara na gona guda mun zuba wa Baba a cokali.

In haka ne, don Allah ki bar maganar tsakaninmu tukuna. Kin san gidan nan. Ki bari in gaya wa Gwaggo da kaina a hankali. Jiya ma ta sake tsiyaye sabuwa, wai tana ajiye masa kafin ya dawo. Na rasa bakin hana ta.

Ki gaida Baba in kin je.

Ƙaninki,
Sirajo


Tambuwal, 13 ga Nuwamba

Sirajo,

Gaisuwa. Ka yi gaskiya, kuma ka gano abin da ya kamata manyan gidan su gano. Farin abin nan da ka lasa kusan duka fotashiyam ne. Na gaya wa likita ta waya, ya ce shi ke nan, an samo. Mutumin da ƙodarsa ba ta iya zubar da na ayaba ɗaya, shi ake ɗura wa wannan safe da rana da dare, sati uku!

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. An ce ban da gishiri, shi ke nan, sai mutum ya bi. Wa ya aike ta neman dabara? In ba ta sani ba ta tambaya mana. Kullum haka, mu yi ta fama a asibiti, a koma gida a rushe da "haka muka taso muka gani". Saura ƙiris ta kashe mana uba da hannunta.

Maganar a bari tsakaninmu, ka makara. Takardarka na hannuna Baffa ya kira, ina cikin fushi na gaya masa. Na ce a fasa tukunyar, kuma kada ta sake taɓa abincin Baba. Ban ga laifin hakan ba, rai ake magana.

In ya dawo ga ƙa'ida: ganye da dankali a yanka ƙanana, a dafa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan farko, domin sinadarin yana fita cikin ruwan. Tumatir kaɗan. Wake kaɗan. Sauran zan rubuto maka.

Yayarka,
Hauwa'u


Kebbe, 18 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ina fatan jikin Baba da sauƙi.

An fasa tukunyar. Baffa ya fasa ta tsakar gida da taɓarya, mata na kallo. Da kika yi magana wayar a buɗe take, Marka na gidan ta zo aron rariya. Abin da kika ce shi ne toka. Kafin la'asar ya zama "wani farin abu". Washegari a bakin famfo ya zama "ta barbaɗa mishi". Yanzu duk Kebbe an san dalili ma, wai don gonar fadama da sunka gada ita da Baba da Baffa.

Na ji Marka da kunnena tana cewa, "Ni tun da nig ga tana dahuwa bayan gida ita ɗai, nic ce akwai magana." Na ce mata, "Inna Marka, ayaba ukun da kika tsare shi ya ci, likita ya ce suna cikin lissafi." Ta ce, "Kai rufa min baki, ɗan nema! Ayaba ta taɓa kashe wani?" Matan sunka yi dariya. Rabinsu da tokar nan sunka girma.

Ranar Laraba anka yi suna gidan Atu, wata maƙwabciyarmu. Gwaggo ta tashi ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe ta aika, kamar yadda take yi wa kowa shekara da shekaru. Anka karɓa, anka kai bayan gida, anka haƙa rami anka juye anka rufe, wai kada ko akuya ta ci. Sannan anka wanke kwanon anka maido mata da "an gode". Daddawar da take sayarwa babu mai saye. Tana jibge a ɗakinta ta fara furfura, warin ya cika zaure, ta ƙi zubarwa. Tana fitowa alwala yara su watse. Ni kaɗai ke cin abincinta. Jiya na ga matar Baffa tana leƙen fuskata bayan na ci, tana jiran ta ga ko zan faɗi. Yaya, ban taɓa jin ƙyamar gidanmu irin wannan satin ba. Mutanen da ba su taɓa ɗaga robar fitsarinsa ba su ne yau ke kishin ransa.

Baffa ya kira taron gida ranar Juma'a mai zuwa bayan masallaci. Ya ce za a maida ta Sanyinna wurin dangin mijinta marigayi kafin Baba ya dawo. In ta tafi da wannan sunan, da shi za ta mutu. Na ce masa ni na ƙona karan, ya ce ni yaro ne, an yi amfani da ni. Na ce ba ta sani ba, ya ce, "Hauwa'u ta yi musu bayanin komi, ita ma'aikaciya ce. Wanda ya saɓa da gangan ya saɓa."

Nan ne nake son in tambaye ki, kuma ki yafe mini. Ranar farko da anka sallame mu a Sakkwato, ina tsaye bakin ƙofa riƙe da takalman Baba. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta zaunar da ke, ta ba ki takarda mai hotuna. Daga inda nake na hango ayaba an ja mata jan layi, da wasu abubuwa a jere har ƙasa. Ta daɗe tana yi miki magana tana nunawa da biro. Kika ninke kika sa a jaka. Da munka iso gida, abin da kika ce mana kalma uku ce: ban da gishiri. Me ke cikin takardar nan?

Ga takardar da Gwaggo ta aiko miki na haɗa. Malam Ziyad na firamare ya rubuta mata, ta ce ya sa yadda ta faɗa.

Ƙaninki,
Sirajo


Kebbe, 18 ga Nuwamba

Hauwa'u ɗiyata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da ɗiyanki. Ki gaida min ubanki Armaya'u, ki ce mishi ina nan.

An ce ke kic ce na so kashe ubanki. Ban yarda ba sai da Sirajo yac ce i, amma cikin fushi ne. To na ji.

Ni nig goya Armaya'u ranar da uwarmu tar rasu, ina da shekara tara, shi ko tafiya bai fara ba. Ni ka tauna abinci in ba shi. Yanzu na gan shi tsoho shina kallon tuwo hawaye na zuba, ya kasa haɗiya, mi kike so in yi? Kin ce ban da gishiri. Ban sa ba. Da kin ce ban da toka, wallahi ko ta murhu sai in share in kai bayan gari. Ba ki ce ba. Ni ban yi boko ba, abin da anka faɗa min shi nika riƙewa.

Ba na roƙon kowa a bar ni cikin gidan ga. In Kamilu na son ɗakin shi ɗauka, fadamar ma shi haɗa. Abu ɗaya nika so. Kada Armaya'u shi ji wanga magana daga bakin mutane shi yarda. In ya yarda, to sun gama da ni.

Ki riƙa ba shi kunu da ɗumi, ba ya son mai sanyi, kuma ba ya faɗi.

Allah shi yi miki albarka.

Gwaggonki,
Yelwa


Tambuwal, 21 ga Nuwamba

Ƙanina Sirajo,

Assalamu alaikum. Baba na samun sauƙi. Gwajin jiya huɗu da ɗigo takwas, yana takawa har bakin ƙofa. Za a riƙa yi masa wankin ƙoda sau biyu a sati. Bai san komai ba, kullum sai ya tambayi Gwaggo.

Kwana biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Takardar tana nan. Na same ta a aljihun jakata na ciki, a ninke yadda na sa ta. Abu goma sha ɗaya ne a jere. Ayaba, lemo, dabino, duk suna ciki. A abu na tara an rubuta duk wani abin da ake sawa a madadin gishiri. Kuma matar ta faɗa mini da bakinta, da Hausa, ta ce, "Ku mutanen ƙauye ne, ki ja musu kunne a kan tokar miya, mun sha ganin haka." Na ce mata to. Har na ji haushin ta ce mana mutanen ƙauye.

A mota na yi tunani, na ce in na jera musu abu goma sha ɗaya ba za su riƙe ko ɗaya ba, gara in ba su babban, sauran in na dawo ƙarshen mako. Ƙarshen makon aka sa ni aiki. Na gaba Rauda ba lafiya. Daga nan na manta, Sirajo. Mantawa na yi. Da na ga sakamakon jinin nan na tuna, tun kafin ka rubuto maganar toka. Fushin da na yi wa Gwaggo ba nata ba ne.

Na gaya maka don kai ne, kuma don ka riga ka gani. Amma ina roƙonka ka ƙona wannan takardar in ka karanta. Ka san yadda ake kallona a Kebbe, kowa da ciwonsa ni yake nema. In aka ji wannan, wa zai sake yarda da maganata, ko a kan allurar yara? Zai iso wurin aikina, zai iso gidan surukaina. Baffa kuwa ba zai bar ni in sake buɗe baki a gidanmu ba, alhali jinyar Baba yanzu ta fara.

Ga shawarata. Ka bari a yi taron. Maimakon Sanyinna, zan ce a kawo mini Gwaggo nan Tambuwal ta zauna da ni. Zan riƙe ta da kyau, zan roƙe ta gafara ni da ita a ɗaki. Wata uku huɗu maganar za ta mutu, mutane suna mantawa.

Ka rufa mini asiri kamar yadda na san za ka yi. Ni na raine ka bayan Inna.

Yayarka,
Hauwa'u


Kebbe, 24 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, kuma ina neman gafararki tun kafin ki karanta.

Ban ƙona ba. Kwana biyu tana aljihuna. Mutanen nan ba sa mantawa, Yaya, kin san su. In ta bar gidan nan, ko gidanki ta tafi, an kore ta ke nan.

Yau bayan Juma'a anka zauna a zaure. Kayan Gwaggo na ɗaure tun safe. Na bari Baffa ya gama, na nemi izini, na karanta takardarki daga sallama har sunanki, ban tsallake inda kika ce in ƙona ba. Baffa ya ce ƙarya nake, ni na rubuta. Malam Ziyad ya karɓa, ya ce ya san hannunki tun kina aji uku, ya sake karantawa da ƙarfi don matan da ke bayan ƙofa. Baffa ya ce to ai kuskure ne, kowa na yi, ya tashi wai zai duba shanu. Babu wanda ya ba Gwaggo haƙuri.

Ita ma ba ta gode mini ba. Ta kwance kayanta, sannan ta kira ni ta ce, "Ka tozarta ɗiyata gaban ƙatti, Allah shi shirye ka." Ta ce in gaya miki ki zo da takardar mai hotuna ki karanta mata duka goma sha ɗayan, a hankali, za ta riƙe.

Na san abin da na yi miki. In kin daina amsa takardata ba zan ga laifinki ba. Amma kada wani ya kawo miki maganar a juye, shi ya sa zan faɗa miki waɗanda sunka ji da kunnensu: Baffa Kamilu, Liman Aminullahi, Malam Ziyad, Ɗan'iya mai unguwa, da Ɗangiwa wanda zai miƙa miki wannan. Bayan ƙofa akwai matar Baffa, da Atu, da Marka.

Ƙaninki,
Sirajo